Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan kare ƙwaƙwalwar masu karɓar gashin kansar kai da wuya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayya, da Shugaban Cibiyar Bincike da Maganin Kansa ta Ƙasa, NICRAT, da shugabannin asibitocin koyarwa masu injin gashi.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi. Mu ma'aikatan lafiya ne da aiki ya haɗa mu da masu kansar kai da wuya: likitocin gashi, likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, masanan fiziks na asibiti, masu sarrafa injin, da ma'aikatan jinya. Mun rubuto ne a madadin waɗanda aka yi wa gashi a kai, wato ƙona kansa da hasken inji, kansar ta tafi, aka sallame su, sai bayan shekara biyu ko biyar wata larura ta ɓullo musu a ƙwaƙwalwa. Da su, da iyalan da ke jinyarsu ba tare da sanin asalin abin ba.

Mun yi murna da buɗe sababbin cibiyoyin kansa a Katsina da Enugu da Benin a watan Yulin 2025. Duk injin da ya ƙaru, wahalar tafiya ta ragu wa wanda da sai ya nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja. Sai dai maganar da ake yi a bainar jama'a ta tsaya kan sayen injin da bikin buɗewa. Abin da ke biyo bayan gashi ba a cika ambatarsa ba, alhali ƙaruwar masu warkewa ita ce ƙaruwar masu kaiwa shekarun da illar ke fitowa.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Kansar bayan hanci, wadda ke cikin mafi yawan kansar kai da wuya a arewacin ƙasar nan, gashi ne babban maganinta, domin wuƙar tiyata ba ta isa wurin cikin sauƙi. Wanda ya guje wa gashi saboda tsoron illa, kansar za ta ci gindin ƙoƙon kansa ta kai ga ƙwaƙwalwar da yake jin tsoro a taɓa. Yawancin waɗanda aka gasa da tsari mai kyau ba sa samun mummunar illa. Kukanmu a kan yadda ake yin aikin ne da yadda ake sakin mutum bayansa.

Lungun bayan hanci manne yake da gindin ƙoƙon kai. A samansa, cikin wani ɗan gurbin ƙashi, akwai ƙullutun fituwitari mai girman ƙwayar wake, kuma daidai kansa jijiyoyin gani biyu suke gittawa. Dama da hagu akwai sassan ƙwaƙwalwa na saitin kunne, waɗanda likitoci ke kira tamforal, inda ake ajiye sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. A baya akwai tushen ƙwaƙwalwa, mai riƙe da numfashi da haɗiya, wanda ya zarce ya zama laka. Don a kashe wannan kansa ana ba da gire 70, gire kuwa shi ne ma'aunin hasken gashi, a zama 33 zuwa 35, kusan gire 2 kullum, kwana biyar a mako, har mako bakwai, sau da yawa tare da allurar sisfilatin, wani maganin kansa na kemo. Amma tushen ƙwaƙwalwa ba a son ya sha fiye da 54, laka 45, mahaɗar jijiyoyin gani 54, katantanwar cikin kunne a matsakaici 45, tamforal kuma 60 zuwa 65. Wato a zuba 70 a nan, a tsaya a 54 a can, tazarar da ke tsakani kuwa wani lokaci ba ta kai faɗin yatsa ba.

A wurinmu abin ya fi tsanani saboda mutane na zuwa a makare. Ƙullutu a wuya, haɓo, toshewar hanci da kunne ɗaya, sau da yawa sai an sha maganin tarin fuka na watanni kafin a yanki nama a gwada. Kafin nan ciwon ya shiga ƙashi ya jingina da ƙwaƙwalwa.

Kukanmu na farko a kan shiri ne, tun kafin a kunna injin. Ana jiƙa takunkumin roba a ruwan zafi, a shimfiɗa shi a kan fuska da wuya da kafaɗu, ya sandare da siffar mutum, a ɗaure shi a gadon injin. Da shi ake ɗaukar hoton CT na tsari, yanka-yanka da ba su wuce kaurin milimita 3 ba, a ɗora hoton MRI a kai, domin CT shi kaɗai ba ya nuna iyakar ciwo da ƙwaƙwalwa sarai. Sai likita ya zauna ya zana ciwon, ya kuma zana kowane sashe da ake son karewa, ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ba ta kare abin da ba a zana mata ba. Idan likita ɗaya ne ke da layin mutum da yawa, abin da ake fara tsallakewa shi ne zanen tamforal da fituwitari da katantanwar kunne, tunda ba su ne ke kawo ƙara a wannan makon ba. Aikin awanni ne ga mutum ɗaya, kuma ba shi da gajeriyar hanya.

Ratar kuskure da ake bari a irin wannan tsari milimita 3 zuwa 5 ce kawai. Daga mako na uku baki ya fara gyambo, miyau ya ƙafe, abinci ya gagara, mutum ya rame, ƙullutun wuya ya sace. Takunkumin da ya kama tsam a ranar farko sai ya yi sako-sako, kai ya riƙa motsi a ciki, hasken da aka auna wa ciwo ya zame zuwa tushen ƙwaƙwalwa. Maganin wannan sananne ne: awon nauyi kowane mako, bututun abinci ta hanci kafin a rame, hoton tabbatar da kwanciya a kan injin, da sabon takunkumi da sabon tsari idan jiki ya sauya. Kowanne kuɗi ne, kuma idan daga aljihun mara lafiya zai fito, ba za a yi ba. Takunkumin da aka narkar aka sake wa wani ma ba ya riƙe siffa kamar sabo.

Tsohon salon gashi, na haske biyu masu fuskantar juna daga dama da hagu, yana ratsa ƙasan tamforal duka biyun da cikakken ƙarfi. Shi ya sa ruɓewar ƙwaƙwalwa kan zo ta gefe biyu. Salon IMRT da injin gashi na zamani, linak, ke yi yana lanƙwasa hasken ya bi siffar ciwo, kuma ya rage wannan illa ƙwarai. Amma shi ma yana watsa ɗan haske mai rauni a wuri mai faɗi. A wani gwaji da aka yi a Ingila, wanda aka buga a 2011, IMRT ya ceci miyau, amma waɗanda aka yi musu sun fi kukan gajiya, daga baya aka danganta hakan da hasken da ya sauka a ƙwaƙwalwar ƙeya. Injin zamani a hannun da ba shi da lokaci ko horo ba kariya ba ne. Inda kuma ake aiki da injin kobal, mai fitar da haske daga wani sinadari da ke cikinsa, ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata, yana komawa rabi a shekara 5 da 'yan watanni, don haka lissafin masanin fiziks ne kaɗai ke tsakanin mara lafiya da kuskuren awo.

Na biyu shi ne tsayawar injin a tsakiyar magani, da abin da ake yi don cike giɓin. Kansar kai da wuya tana ƙara saurin hayayyafa daga wajen mako na huɗu na gashi, saboda haka kowace rana da aka rasa tana rage damar warkewa. Hanyar ramuwa da aka yarda da ita ita ce a yi aiki ranar Asabar, ko a yi zama biyu a rana da tazarar aƙalla awa 6, gara ma 8 idan ƙwaƙwalwa da laka na cikin inda hasken ke ratsawa. Hanyar da ke jan hankali idan layi ya yi tsawo ita ce a ƙara girman kason kullum a gama da wuri. Nan ne haɗarin yake. Ƙwaƙwalwa ta fi jin girman kaso ɗaya fiye da yadda ciwon ke ji. Gire 60 a kaso 3-3 ya fi gire 60 a kaso 2-2 ɓarna nesa ba kusa ba. An koyi wannan darasi a Hong Kong, a kan masu kansar bayan hanci da aka gasa tsakanin 1976 da 1985: waɗanda aka ba kaso mai girman gire 4 da ɗoriya sun fi samun ruɓewar tamforal sosai, duk da jimillar abin da suka sha ba ta kai ta sauran ba. Babban kaso yana da wurinsa, wajen rage wa wanda ciwonsa ya wuce warkewa raɗaɗi, ko ɗan ƙari kaɗan a ƙaramar kansar maƙogwaro da ke nesa da ƙwaƙwalwa. A gindin ƙoƙon kan mai neman warkewa ba shi da wuri.

Idan injin ya tsaya, mutum kan ɗauki jakarsa ya nufi wata jiha da 'yar takarda mai layi biyu. Cibiyar da ta karɓe shi ba ta san ko laka ta riga ta sha 30 ko 40 ba. Haka nan idan kansar ta dawo bayan shekaru aka zo gashi na biyu, wanda shi ne mafi haɗari ga ƙwaƙwalwa. Jiki ba ya manta hasken da ya sha, ko da fayil ya ɓace.

Na uku, wanda ya fi ci mana rai, shi ne sallama ba bibiya. Illar gashi a ƙwaƙwalwa tana da lokuta. Ana cikin magani akwai gajiya da ciwon kai. Daga wata ɗaya zuwa shida wasu kan yi yawan barci, wasu kan ji kamar lantarki ya ja su daga wuya zuwa ƙafa idan suka sunkuyar da kai. Wannan yakan wuce da kansa, abin da mutum ke buƙata a gaya masa tun da wuri don kada ya firgita. Mai nauyin ita ce ta bayan wata shida, wadda ta fi fitowa tsakanin shekara 2 zuwa 5, wani lokaci har bayan 10. Hasken yana raunata bangon ƙananan jijiyoyin jini, su riƙa yoyo, su yi kauri, su toshe. Ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyi riga, kamar robar wayar lantarki, su ma suna mutuwa. Sashen da abin ya shafa sai ya kumbura, daga baya ya ruɓe.

Yadda abin ke bayyana a gida shi ne matsalar. Magidanci ya fara manta saƙon da aka ba shi da safe alhali yana tuna abin shekara talatin. Ya rikice a lissafin raka'a. Ɗan kasuwa ya kasa ba da canji. Mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. Farfaɗiyar tamforal kuma ba lallai ta kayar da mutum ba: sai ya ji warin da babu shi, kamar na ƙonar roba, ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu yana taunar baki, ya dawo bai san abin da ya faru ba. Wane gida ne zai ga haka bai ce iska ba, ko sammu, ko tsufa? Ba mu ga laifin iyali ba, tunda ba wanda ya ce musu gashin shekara uku da suka wuce na iya kawo wannan. Addu'a ba ta hana a ɗauki hoto. Amma sai an san akwai abin nema kafin a nema, kuma likitan babban asibitin garinsu ma ba zai haɗa biyun ba idan babu takarda.

Hoton da ake buƙata MRI ne da allurar haska jijiya, bayan an duba ƙoda, domin sisfilatin na iya raunata ta. Ko an samu tabo, sai an bambance ruɓewar gashi da dawowar kansa, da ƙurjin ƙwaƙwalwa da ke tasowa daga ruɓar kunne, da ƙullutun tarin fuka. Abin da ke yanke gardama sau da yawa shi ne a ɗora taswirar hasken da aka ba da a kan sabon hoton: idan tabon ya zauna daidai inda haske ya fi ƙarfi, a ƙasan tamforal ta ciki, ruɓewa ce ta fi kusa. Kuskure a nan mai tsada ne, domin wanda aka ɗauka kansa ce ta dawo masa za a iya sake gasa wurin da gashi ya riga ya kashe.

Akwai magani. Ƙaramin tabo marar alama ana sa masa ido ne kawai. Mai kumburi ana ba shi sitiroid irin dekzametason na ɗan lokaci, a riƙa ragewa a hankali, ana lura da sukari da gyambon ciki da tashin tsohon tarin fuka. Allurar bebasizumab, wadda ke tsayar da yoyon jijiyoyin, tana rage kumburin sosai, yawanci a zagaye huɗu, amma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Babban tabo mai danne ƙwaƙwalwa sai tiyata. Maganin farfaɗiya ma sai an zaɓa, domin fenitoyin da kabamazefin suna sa hanta ta cinye sitiroid da sauri, lebetirasetam kuwa ba ya yin haka. Wanda aka bari da kemis ɗin unguwa zai shekara yana shan dekzametason, fuska ta kumbura, cinyoyi su mutu, ran da ya daina kwatsam kuma ya faɗi.

Na huɗu shi ne fituwitari da tayirod, wato ƙullutun maƙogwaro da ke zama maƙoƙo idan ya kumbura. Yawancin kasala da mantuwa da jin sanyi da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa daga nan suke, kuma su ne mafi sauƙin gyara. Fituwitari na gazawa a hankali cikin shekaru. Sinadarin girma ne kan fara yankewa, abin da ke tsumburar da yaro ko matashi, kuma kansar bayan hanci tana kama matasa. Sai na haihuwa, al'ada ta ɗauke ko ƙarfin namiji ya ragu. Sai na kotizol, sinadarin da ke taimaka wa jiki jure rashin lafiya, da na tayirod. Akwai tarko biyu a nan. Idan fituwitari ce ta gaza, gwajin jinin tayirod na TSH shi kaɗai na iya fitowa lafiya lau, dole a haɗa da na T4, sinadarin tayirod ɗin kansa. Kuma idan kotizol da na tayirod duka sun yi ƙasa, haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, ake fara bayarwa kafin maganin tayirod, in ba haka ba jini na iya faɗuwa mutum ya suma. Mai ƙarancin kotizol zazzaɓin cizon sauro kaɗai na iya kai shi kabari idan bai san ya ninka maganinsa ranar zazzaɓi ba, ko ya nemi allurar miligiram 100 idan amai ya hana shi haɗiya. Maganar azumi ma sai ya zauna da likitansa kafin watan ya kama.

Sauran a taƙaice. Manyan jijiyoyin jini na wuya suna ƙunci bayan gashi, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru ko ga wanda bai tsufa ba, kuma na'urar hoton ciki mai auna gudun jini tana gano wannan. Ji na raguwa idan gashi da sisfilatin suka haɗu a kunne, kurma kuwa da sauri ake ce masa ya rikice. Gani na iya ɗaukewa farat ɗaya ba ciwo. Harshe na iya shanyewa, abinci ya riƙa sarƙewa zuwa huhu.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. A fitar da ƙa'ida ɗaya ta ƙasa cewa duk kansar bayan hanci da ta kogon hanci da ta gindin ƙoƙon kai da ake neman warkarwa, da IMRT za a yi ta, a kan tsarin CT da MRI, kuma ba za a fara ba sai likita na biyu da masanin fiziks sun duba awon sassan da muka lissafa sun sa hannu. Inda ciwo ya tilasta a wuce iyakar tamforal don a ceci rai, kuma hakan na faruwa, a rubuta dalili, a kuma yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji, a gaban wanda suke kwana gida ɗaya, tunda shi zai fara ganin sauyi.

Kada a sayi injin sai da kwangilar gyara ta shekaru, da wutar da ba ta yankewa, da guraben masanan fiziks da injiniyoyi da albashin da zai zaunar da su. Kowace cibiya ta kasance da rubutacciyar yarjejeniya da cibiya mafi kusa, ta yadda idan injin ya tsaya za a tura masu kansar kai da wuya cikin kwana biyu tare da fayil ɗin tsarinsu, a kuma hana cike giɓi da babban kaso.

Duk wanda ya gama gashi a ba shi kati, da Turanci da harshensa, mai ɗauke da wurin da aka gasa, jimillar gire, yawan zama, ranar farawa da gamawa, abin da laka da tushen ƙwaƙwalwa da tamforal da fituwitari suka sha, maganin kemo da ya karɓa, da alamomin da za su sa a dawo da shi ba jira. Fayil ɗin kwamfuta na taswirar haske a ajiye shi muddin ran mutum, da kwafi a wani wuri dabam.

A tsayar da jadawalin bibiya: duk wata 1 zuwa 3 a shekarar farko, duk wata 2 zuwa 6 a ta biyu, duk wata 4 zuwa 8 har shekara ta biyar, daga nan sau ɗaya a shekara ba yankewa. A ciki a sa TSH da T4 duk wata 6 zuwa 12, kotizol na ƙarfe 8 na safe ga wanda haske ya ratsa fituwitarinsa, awon ji kafin magani da bayansa, awon hawan jini da sukari, da hoton jijiyoyin wuya bayan 'yan shekaru. Yawancin wannan babban asibitin jiha zai iya yi idan an horar da shi, ba sai mutum ya sake biyan kuɗin mota zuwa cibiya ba. A kuma tanadi gwajin tunani na minti goma da ya dace da mutanenmu, a yi shi kafin gashi don a sami abin kwatantawa. Gwajin da ke cewa a zana agogo ko a haɗa baƙaƙen boko da lambobi zai kayar da malamin allo mai cikakken hankali.

Asusun tallafin masu kansa na tarayya ya fara ne da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza. Muna roƙon a shigar da kansar kai da wuya, kuma hukumar inshorar lafiya, NHIA, ta ɗauki takunkumi, da sake tsari a tsakiyar magani, da MRI na bibiya, da gwajin sinadaran jiki, da bebasizumab ga wanda aka tabbatar yana da ruɓewa. Daga ƙarshe, rajistar kansa tana ƙirga waɗanda suka kamu ne, don haka muna roƙon NICRAT ta buɗe wani shafi na illolin da ke zuwa a makare, kowace cibiya ta riƙa kai rahoton shekara: mutum nawa aka gasa a kai, nawa suka dawo bibiya, nawa aka samu da ruɓewa ko gazawar fituwitari, da irin tsarin da aka yi musu.

A shirye muke mu zauna da duk kwamitin da kuka naɗa, mu kawo daftarin katin da na jadawalin bibiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wasu ma'aikatan gashi da jinyar masu kansar kai da wuya.